Jajayen Kifin Nasidi

Nasidi ya sake tsoma rariya cikin ruwan, ya ɗago ta a hankali. Ga su nan kuwa, 'yan mitsi-mitsin baƙaƙen kifaye, sirara kamar ƙaiƙayi, suna ta wutsil-wutsil. Ya watsa su gindin danga, kaji suka yo caa.

Matarsa Taiba na zaune bakin ƙofar ɗaki tana kallo. Ƙullin kayanta na gefenta.

Tun shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya haɗiye garinsu, aka kwaso su aka zube a wannan tudu na wajen Maradun, Taiba ba ta sake dawowa daidai ba. Gida ya tafi, fadama ta tafi, duk ta daure. Abin da ya fi ƙarfinta shi ne ɗan kabarin Indo, 'yarsu tilo, wanda yanzu kwale-kwale ke wucewa ta kansa. A sabon gida ta samu ciki, ya zube. Akuyarta ma ta yi ɓari. Daga nan ta yanke wa wurin hukunci.

"Ƙasar ga ba ta riƙon ɗiya," in ji ta. "Ka bar ni in koma Bakura, wurin yaya Tukur."

Jajayen kifin da yake kiwo kuwa tsarabar leburanci ce. Nasidi ne ya haƙa wa wata Baturiya tafkin lambunta a gidajen Turawan dam da ke Talata Mafara. Da za ta koma ƙasarsu, ta ba shi 'yan jajayen kifi cikin bokiti. Ba a cin su, na kallo ne kawai. Maƙwabta suka sha dariya. Shi dai ya haƙa rami bayan ɗaki, ya shafe shi da ragowar siminti, ya dasa gwanda da yakuwa a gefe. Ranar da ya sake su cikin ruwan, suka bazu kamar garwashi, Taiba ta taso ta durƙusa a baki, har ya ga haƙoranta. Rabonsa da ganinsu tun Indo na da rai.

A nan bakinsa ya ɗauko masa kaya.

"In kifin ga suka haihu cikin gidan ga fa? Kin yarda ƙasar na riƙo?"

Ta daɗe tana kallon ruwan. "In sun haihu, na zamna."

"Ba ni damana guda."

Ya zama bawan ramin nan. Kullum sai ya sauka bakin dam da garwa biyu, ya ɗebo sabon ruwa. Ya cizgo ciyawar ruwa ya shimfiɗa musu. Ya hana kansa tsakin gero ya ba su. Ya yi wa ramin rumfar kara saboda shaho.

Da ruwan sama ya zauna, kifayen suka shiga korar juna, suna fantsama ruwa har kan yakuwa. Washegari ya ga ƙwai manne a jikin ciyawa, kamar an barbaɗa gero. Ya jawo Taiba da hannu ya nuna mata. Ranar ta ci tuwo har da ƙari.

Bayan 'yan kwanaki ƙwan ya ɓace. Ya leƙa, ya ɗaga ciyawa, babu ɗigon ja ko ɗaya. Sai waɗannan baƙaƙen, sun cika kwana-kwanar ramin.

Nasidi ɗan bakin gulbi ne, ba sai an gaya masa ba. 'Ya'yan karfasa ne suka biyo garwa daga dam, suka lashe masa ƙwai. Ya ɗauko rariya ya tsame su tas.

Ya koma tace ruwan da tsohon ɗankwali, ninki biyu. Kifayen suka sake zuba ƙwai, ƙwan ya sake ɓacewa, baƙaƙen suka sake bayyana. Ya rabu da dam gaba ɗaya, ya riƙa zuwa rijiya mai nisa, har kafaɗarsa ta yi kanta. Suka dawo. Ya karɓo rubutu wurin malam ya zuba a ramin. Suka dawo. Sai ya fara jin tsoro. Ruwan da ya ci garinsu, ya danne Indo, shi ne ya biyo shi har bayan ɗaki.

Sau ɗaya Taiba ta yi magana. "Ka bar su mana, Malam. Su ma rai ne."

"Su ke cinye muna ɗiya!" Ya watsa wa kaji.

Damina ta ɗauke. Kifayen suka daina korar juna. Tukur ya aiko cewa yana tafe ranar kasuwa, da la'asar zai wuce da ƙanwarsa.

Yau ce ranar kasuwar. Nasidi ya jefar da rariyar, ya fita ba sallama. Bai taɓa yi wa Taiba ƙarya ba, amma yau zai yi. Ya tare tifa mai ɗaukar yashi, ya maƙale a baya har Talata Mafara.

Baba Abdu, tsohon da ke kula da lambun Turawan, yana ban ruwa. Nasidi ya zube gabansa, ya katse gaisuwar tun ba a kai ga tambayar gida ba.

"Baba, ka cece ni. Ɗiyan jan kifi nika so, ƙanana, ko kaɗan ne. In zuba su ramina kamin la'asar, in ce nan aka haife su."

Tsohon ya dube shi, ya dubi gumin da ke tsiyaya daga haɓarsa, bai tambayi dalili ba. Ya ja shi gindin mangwaro, ya yaye buhun da ya rufe wani babban baho.

Nasidi ya leƙa, jininsa ya tafasa. Baƙaƙe ne, sirara, suna ta wutsil-wutsil.

"Har nan sun iso? Baba, zubar da su maza, kamin su gama da ƙwan!"

Ya kai hannu zai kifar da bahon. Tsohon ya cafke wuyan hannunsa.

"Kai, ɗana, lafiyarka? Ai su ne ɗiyan da kaka nema. Haka aka haihuwarsu, baƙi ƙirin, sai sun yi watanni kana su rine su koma ja."