Gwajin Hular Kwano

Aikina a masana'antar hular kwano shi ne haɗi. Ina zuba wata baƙar hoda da ake kira girafin cikin narkakkiyar roba, in yi ta juyawa har ta bi ko'ina. Idan haɗin ya yi, hular ba nauyi, ga ƙarfi, kuma wutar lantarki na bin jikinta. Idan hodar ta dunƙule wuri guda, nan za ta tsage.

Ranar da na koma aiki aka shigo ɗakin gwaji da wata hula da aka yi haɗari da ita. Mai babur ne babbar mota ta buge, ya rasu nan take. Lambar cikinta ta nuna haɗina ne.

Shugabanmu ya ce, "Baba, ka je gida. Ba sai ka tsaya ba."

Na ce zan tsaya.

Mai gwajin baƙo ne, daga babban ofis aka turo shi, ga shi da surutu. Ya dube ni ya ce, "Baba, kai ne mai miyar? To yau za mu ji ko gishiri ya ji."

Ba wanda ya taya shi dariya.

Ya maƙala wa hular wayoyi biyu na na'urar gwaji. Ya ce in akwai tsaga ko gudaji, ko da ido bai gani ba, wutar za ta yi tuntuɓe, allurar na'urar ta faɗi. Ya bi goshi, ya bi gefe, ya bi ƙeya inda fenti ya goge. Ina tsaye ina kallon allurar. Ban ji tsoro ba, ban ji komai ba.

Allurar ba ta faɗi ba.

"Lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Ba abin da ya taɓa kan. Wuya ne ya karye, shi kuwa ba mu muke ƙera shi ba. Saki ranka, Baba, aikinka na nan."

Na tambaye shi ko yaron ya ji zafi.

"Wa ya sani? Ni hula na sani."

Ya jawo kwali, ya ce zai kai ta ofis a nuna wa masu saye. Na ce ya yi haƙuri, ba zai tafi da ita ba.

"Saboda me?"

Na ce, "Aro na karɓo ta daga hannun uwarsa. Tana gida tana jira in faɗa mata ko ni na kashe mana ɗanmu."