Murja Biyu, Rana Ɗaya

Tun kafin ya gama zama a benci Malam Ashiru ya zaro jan bironsa ya ja layi a ƙarƙashin jimlar farko ta wasiƙar da wasu ɗaliban shari'a suka rubuta.

"Lauyoyin gobe, ba waƙafi ba aya," in ji shi. "Allah shi kyauta."

Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa a makarantu tara, Tafashiya, Kusada, Fakuwa, duk inda aka jefa shi. Ya yi ritaya, biron bai yi ba. Abu biyu yake tinƙaho da su a duniya: bai taɓa makara ba, kuma sufeto bai taɓa buɗe rajistarsa ya tarar da gurbi ko ɗaya babu rubutu ba.

Maganar Murja ce ta kawo shi, ɗiyar Yakubu, makiyayin da ke riƙe masa shanu biyu. Yarinyar ta ci jarrabawar shiga makarantar ungozoma, amma duk sanda ta je shagon kwamfuta a cike mata fom sai na'ura ta ce an riga an yi mata rajista. Ashe akwai wata Murja Yakubu da ta riga ta, ita ma 'yar Fakuwa, ita ma haihuwar ɗaya ga Janairu, shekararsu ɗaya. A wurin na'ura mutum guda ne ke son shiga sau biyu. Saura kwana tara a rufe.

Barista Hadijatu malamar jami'a ce. Ta kawo ɗalibanta na shari'a Kankiya su yi hutu suna taimakon waɗanda kwamfuta ta zalunta, kyauta: mai layin waya da aka toshe, mai katin ɗan ƙasa da hoton wani. Ta damƙa wa biyu daga cikinsu, Adawiyya da Zainul Abidin, shari'ar Murja. Kullum karatun Barista ɗaya ne: "Kada ku yi faɗa da na'ura. Abin da aka ɗura mata take amayarwa. Ku bi sawu har ku ga hannun da ya fara ɗurawa."

Ba wanda ya naɗa Malam Ashiru, amma kafin azahar ya zama mai duba aiki na biyu. Ya sa aka sake wasiƙar sau huɗu. Ya tsara buƙatu uku: a buɗe wa Murja hanya, a gyara ranar haihuwarta, sannan duk wanda ya fara rubuta wannan ƙarya a fito da sunansa, ya tsaya gaban Yakubu ranar kasuwa, hula a hannu, ya nemi gafara. Ya rattaba hannu a ƙasa da ja, da doguwar wutsiyar nan da yake ja wa sunansa.

Ɗaliban suka bi sawu. Makarantar ungozoma ta ɗauko ranar daga takardar sakandare, sakandare ta kwafo daga shaidar firamare, firamare ta kwafo daga rajistar aji ɗaya. A rana ta shida suka hau acaɓa zuwa Fakuwa, suka dawo da la'asar da hoton shafin a waya.

"Yara arba'in da ɗaya ne a ajin," in ji Zainul Abidin. "Ashirin da shida an haife su ɗaya ga Janairu."

Malam Ashiru ya miƙe tsaye. "Ashirin da shida! Matan Fakuwa gayyar haihuwa suka yi?"

Adawiyya ta yi bayani a hankali. Iyayen ba su da takarda. Mahaifiyar Murja ta ce ana yankan gero ta haife ta, ɗaya Murjar kuwa tsakiyar damina. Da alama malamin bai so ya bar gurbin fili ba.

"Rago ne!" in ji Malam. "Ƙafa gare shi, baki gare shi, mi ya hana shi ya taka ya tambaya? Irinsu suka kashe ilimi a ƙasar nan."

Barista ta karɓi wayar, ta daɗe tana kallo. Ta dubi wasiƙar da ke kan tebur, ta sake duban wayar, sannan ta ja ɗalibanta gefe suka yi ƙus-ƙus. Zainul Abidin ya dawo yana tari, idonsa a ƙasa.

"Baba, akwai mafita," in ji Barista. "Idan wanda ya cike rajistar ya je kotu ya rantse cewa ƙiyasi ya yi, makarantar za ta karɓi gyara. Murja za ta shiga kafin a rufe."

"In ya mutu fa?"

"Yana raye, da ƙoshin lafiya."

"Alhamdu lillahi. Ku kawo mani shi."

"Buƙata ta ukun nan fa, Baba? Ta hula a hannu. Ko a cire ta?"

"Ko waƙafi kada a taɓa."

Barista ta juya ga ɗalibanta. "Ku rubuta wannan a littafinku: ba a aika takarda sai wanda kuke wakilta ya ga hujja da idonsa. Adawiyya, nuna mashi."

Malam Ashiru ya gyara tabarau, ya cire murfin biro don ko da akwai gyara. Adawiyya ta sa yatsu biyu ta buɗa ƙasan shafin. Rajista ce tsaf, sai ka rantse da inji aka buga ta, babu gurbi ko ɗaya da aka bari.

Can ƙarƙashin sunaye arba'in da ɗayan, da jan biro, da doguwar wutsiya, sa hannun da ya rattaba a kan wasiƙar ne ke kallonsa.