Dubu Goma da Bakwai

Injin wankin ƙoda yana ta gurnani, Farfesa kuma idonsa na kan ƙofa. Likita ya gama magana tun jiya: ko a samu mai ba shi ƙoda, ko a fara shiri. 'Yan'uwa duk an gwada, babu wanda ya dace. Saura mutum ɗaya, 'yar da ya tafi ya bari ranar da aka haife ta, ya bi karatu bai waiwayo ba. Ya aika mata, an ce yau da hantsi zai ji amsa.

Wata tsohuwa ta shigo tana jan buhu. Ciwon suga ya cinye masa ido, dishi-dishi yake gani, sai ya ɗauka mai jinyar gadon kusa ce. Ta zauna ba a ba ta kujera ba.

"An ce kai ne malamin lissafi. Ni ban yi boko ba. Dubu goma da bakwai, tana rabuwa biyu?"

Ya yi murmushin da ya saba yi wa dolayen aji. "Ba ta rabuwa, Iya. Ɗaya zai yi saura."

"Haka na gani da na kasa su a tabarma. Uku fa?"

"Biyu ne saura."

Ta ce biyar, ta ce bakwai. Farfesa ya manta da allurar da ke hannunsa, ya gyara zama. Rabon da a tambaye shi abin da ya sani ya kai wata shida. Ya bayyana mata cewa akwai lambobi masu taurin kai, ko shekara za a yi ana kasa su kashi-kashi daidai, sai an bar saura. Wannan tana cikinsu, ita ce ma ƙaramarsu a masu gida biyar.

"To wa ke da kaso a cikinta?"

"Babu. Ko mutum ya ɗauke ta dungurungum, ko ya bar ta."

"Ka tabbata? Kada in zalunci wani."

"Iya, shekara ashirin ina koyar da wannan."

Ya sake duban ƙofa. Hantsi ya wuce.

Tsohuwa ta miƙe, ta kwance bakin buhun, ta juye shi a kan gadon. Tsakuwa ce, ƙanana, ta rufe masa ƙafafu har tana zuba a ƙasa.

"Kullum ɗaya nake jefawa, tun ranar da 'yata ta rasu wajen haihuwa ka sa takalmi ka fita. Jikata ta ce in kawo maka kwanakinta, in ka samu naka kason a ciki, ƙodar taka ce. To ka yi lissafi da bakinka, surukina."