Faranti a Kan Kunnen Ɗaki

Tun da doka ta sa a dasa kunne mai naɗar murya a bangon kowane ɗakin aure, aikin Sufeto Barira ya koma saurare. Ranar sadakar uku ta je gidan Tanimu, wanda ya ce santsi ne ya kwashe matarsa Hajjo a banɗaki. Mai wankan gawa kuwa ta ga shatin yatsu a wuyanta.

Gwaggo Delu, wadda ta riƙe Hajjo tun tana ƙarama, ta biyo Barira har ɗakin marigayiyar.

"'Yar nan, kunna mu ji. Allah ya tona asirin azzalumi."

Barira ta laluba bango. Kunnen yana bayan wani farantin ado, an toshe shi da auduga. Ta kunna. Iyakar abin da ya ɗauka na ranar kai amarya ne: guɗa, hayaniyar mata, sai muryar Hajjo ƙasa-ƙasa.

"Gwaggo, ki bar shi a buɗe mana."

"Rufe min baki. A gidanmu ba a jin sirrin aure a waje. Miƙo farantin can."

Daga nan shiru.

Gwaggo Delu ta zauna a bakin gado.

"Mayar da shi baya," in ji ta. "Wurin da ta ce Gwaggo."